Waya Mai Bakin Zinariya da Rufin Masallaci

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku agaza mini da shawara kafin Juma'a, domin hankalina ya ƙi kwanciya.

Ni dattijo ne, limamin wani ƙaramin masallaci a unguwar Moshi Zango, nan Kumasi. Malaminmu, marigayi Malam Osmanu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana tafsirinsa a kaset. An kwashe shi an zuba a kwamfuta, kuma duk azumi muna saka wa jama'a bayan La'asar. Sai dai muryar takan fito a dushe, ba yadda na san ta ba lokacin da nake zama a gabansa.

Wani mai shago a kasuwar Adum ya sayar mini da wayar dijital mai bakin zinariya, mai tsada ƙwarai, wadda ke haɗa kwamfuta da na'urar lasifika. Da na jona ta a gida, sai na ji Malam kamar yana cikin ɗakin, har da numfashinsa tsakanin ayoyi. Na yi hawaye. Na faɗa wa jama'a haka, suka gaskata ni, domin ba su san ni da faɗin abin da ban tabbatar ba. Yanzu kwamiti na son taɓa kuɗin gyaran rufi ya saya wa masallaci irinta, alhali damina ta kusa, kuma ruwa kan zuba a sahun mata.

'Yata Hamamatu, wadda ta karanci fannin na'urorin lantarki, ta gaya mini cikin ladabi cewa mai tsada da mai araha saƙo ɗaya suke kaiwa. Ban tsawata mata ba, ban kuma yarda ba. Kunnena ya ji. Ko kuwa bege ne ya ji? Idan na yi shiru, ina tsoron in zama mai shaidar zur. Idan na janye, da wace fuska?

Dattijo mai neman mafita, Kumasi

Wa alaikumus salam, Baba Liman.

Ba ka yi ƙarya ba, abin da ka ji ka faɗa. Amma Hamamatu na da gaskiya. Wayar dijital lambobi take ɗauka. Idan lafiyayya ce sukan isa cif, idan ta lalace sauti ya riƙa yankewa. Mai tsada na iya fin ƙarko, amma ba ta dawo da abin da kaset ya riga ya cinye. Mai kewar malaminsa kuwa, da ya natsu ya kasa kunne, yakan ji abin da a da ya wuce shi.

Kada ka dogara da maganata. Ka juya baya, Hamamatu ta riƙa sauya wayoyin ba tare da ka gani ba, kai kuma ka faɗi wacce ce wacce. Ku maimaita sau da yawa. Abin da ya fito, shi za ka kai wa kwamiti da bakinka. Ka fi ni sanin cewa manyan malamai sun janye fatawa da hujja ta bayyana, kuma darajarsu ba ta ragu ba.

Ko me gwajin ya nuna, a fara da rufi, domin mata ba za su saurari tafsiri a kan jiƙaƙƙiyar tabarma ba. Daga baya a duba lasifikokin da inda aka rataye su, can gyaran murya yake.

Allah Ya ba ka natsuwa, Ya kai ladan karatun ga Malam Osmanu.