Tsakuwa ta Huɗu

Gazawa, Janairu 1993

Zuwa ga ɗiyata Zakiyya, Uwata mai sunan tsohuwata, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya buɗe miki karatu, ya tsare ki da sharrin birni. Mu nan lafiya lau. Innarki Tani ta samu gero mai kyau bana, akuyarki ta haifi biyu, ni kuwa gwiwata tana nan tana gaya mini zuwan sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san a aji uku na yi wa lakol sallama, kuma har yau ban ji an ce mushe, wato malaminmu, ya yi kewata ba.

Maganar wanki Hambali ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna yadda kika same mu da kika zo hutun damina: tun da aka buɗe jam'iyyu, kowace in za ta yi miting sai ta sa kokowa don jama'a su taru, har 'yan kokowa suka rasa ranar hutu. Kafaɗar Hambali ta goce sau uku, kuma kowane karo muna da wanda muka ɗora wa. Na farko muka ce sammun 'yan garin Cadawa ne, na biyu bakin wata tsohuwa, na uku makaɗin abokin karawarsa. Duk gocewa sabon maƙiyi, duk maƙiyi sabuwar laya, har damtsen yaron ya fi ƙarfin rigarsa. Ke kuwa kika ce kafaɗa ɗaya ce, kuma ciwon jiya shi ke kiran na gobe.

Ban manta ranar da kika zaunar da Rabo maɗori a tsakar gida ba. Kika ja wa kowane ɗan kokowa layinsa a ƙasa, duk gocewar da Rabo ya tuna kika aza tsakuwa. Na ce a ƙirga waɗanda suka taɓa jin ciwo a huta, kika ce wannan ƙirgar ba ta bambanta mai tsakuwa ɗaya da mai biyar. Na ce su Magaji da suka tafi cin rani Najeriya ai sun warke, kika ce ba su warke ba, ganinsu muka daina, layinsu ya tsaya a nan kawai. Da kika ware masu komawa fili da wuri daga masu hutawa, ko ni mai aji uku na gani: masu gaggawa tsakuwoyinsu sai matsowa kusa da juna suke, kamar mutane a bayan mota ranar kasuwa. Na Hambali sun kusa rungumar juna. Rabo ya ce in kafaɗar ta sake gocewa, hannun ko kalmen noma ba zai riƙe ba. Sannan kika miƙa mini tsakuwa ta huɗu, kika ce in ta faru in aza ta da hannuna.

To Uwata, mun sha magana bayan tafiyarki. Na hana Hambali fili har aka gama girbi. Masu miting suka yi ta zuwa ƙofar gida, makaɗa suka sa mu a waƙa, wai gidan Maharazu yanzu mace ke riƙe da guru tun daga bakin teku. Hambali ya daina cin tuwo tare da ni. Wata rana ya ɗaura layunsa zai fita, sai na fiddo tsakuwar na aje ta gabansa, na ce ya aza ta da kansa kafin ya tafi, don ya rage wa gwiwata sunkuyo. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya koma ɗaki.

Makon jiya a garin Agiye aka yi kokowar zaɓen waɗanda za su gasar Maraɗi. Na je da tsakuwar a aljihu, ina murza ta har ta yi gumi. Hambali ya kada uku. A na ƙarshe ya haɗu da Mudi na Gangara, wanda ya san kafaɗar sarai, ita ya kama tun farko ya murɗa. Na rufe ido ina jiran ƙara. Ƙarar da na ji ta jama'a ce, Mudi yana ƙasa, ɗanmu yana tsaye da hannu biyu a sama! Ni da gwiwata muka yi rawa a tsakiyar fili. Makaɗan nan da suka zage mu suka juya waƙa, yanzu wai ni ne mai lissafi. Ban ƙaryata su ba, ki yafe mini.

Rabo ya ce in gaya miki samari biyu sun zo a ja musu layi. Innarki tana gaishe ki, da gwaggonki Salamatu, da Rabi'u. Hambali ya ce kar in rubuta cewa ya gode, to ban rubuta ba. Ki gaishe mini da kawunki Ilyasu da iyalinsa.

In kin ji ambulan da ɗan nauyi, kar ki sa rai da wani abu. Tsakuwarki ce na maido miki, ba mu samu inda za mu aza ta ba.

Ni ne babanki,
Maharazu Gazawa