Kifin Othman

Ruwais, Jidda

Zuwa ga Mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Yaya ruwan Yawuri bana? Tunda kunnenku ya daina ɗaukar waya, ga takarda ta hannun masu dawowa daga umara, Ya'u ya karanta muku.

Ni dai ina nan ina wankin motoci. Shekara shida ke nan ba iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ba jirgin da zai ɗauke ni cikin teku. Ɗan masunci guda, sai kallon ruwa daga bakin gaɓa! Kowace Juma'a bayan asuba nakan je kan wasu duwatsu in zauna. Can na haɗu da wani dattijo, Othman. A nan aka haife shi, kakansa Bakatsine ne da ya zo Hajji a ƙafa. Hausarsa duk ta karye, amma yana jin komai. Shi ke zuwa da flas ɗin shayi da kofi biyu, kuma wallahi duk mako shi kaɗai ke tambayata yadda na kwana.

Kamun kifinsa abin dariya ne, Baba. Ba koma, ba taru, ba ko tana. Wani ɗan kifin roba yake ɗaurawa a fatsa, ya wurga nesa, ya riƙa fizgar sanda har wani kifi mai faɗi da suke kira bayad ya kawo cafka. Ƙanana yake samu, ya cire ƙugiya ya mayar. Na ɗauka raina su yake yi.

To, Juma'ar da ta wuce babba ya kama. Sanda ta lanƙwashe kamar za ta karye, dattijo ya yi ta fama kusan rabin awa yana haki. Da kifin ya iso gaɓa na faɗa ruwa, na tura hannu cikin kumatunsa, na ɗauki dutse na ƙwala masa a ka, yadda kuka koya mini da giwan ruwa. Na ɗago ina washe baki. Sai na ga fuskar Othman. Ashe shi babban ma mayarwa yake yi, faɗan kawai yake so. Shekara da shekaru yana jiran irin wannan don ya sake shi da hannunsa.

Bai zage ni ba. Halas kawai ya ce, wato shi ke nan, ya shiga mota ya tafi. Sandar da yake ara mini da kofi ɗaya suna wurina. Kifin kuwa na kasa ci, na rabar wa maƙwabta. Ku taya ni addu'a ya huce.

Ɗanku mai biyayya,
Badaru

Ruwais, Jidda

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da Inna. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar. Saƙonku ya iso, na ji kun ce in je har gida in ba shi haƙuri.

Ina na san gidan? Abin da ban faɗa muku ba ke nan. Tun farkon haɗuwarmu ya nemi lambata, na ce masa ba ni da waya, alhali tana aljihuna. Haka muke yi a nan, mara takarda ba ya yarda da kowa. Sau biyu ya gayyace ni cin abinci wurin iyalinsa, na ƙirƙiro uzuri. Yau Juma'a bakwai bai zo ba. Ban san fushi ne ko ciwo ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Na sayi flas. Da safen nan na wurga ɗan robar tasa, ba don ina sa rai ba, sai na ji fizga har kafaɗa. Bayad ne, bai kai nasa ba amma ya isa gidanmu kwana biyu. Muka yi ta ja, tafin hannuna ya saɓule. Da na kawo shi, hannuna da kansa ya lalubo dutse. Na ajiye. Na shiga ruwa har gwiwa, na zare ƙugiyar a hankali, na tallafe cikinsa yadda na ga Othman yana yi wa ƙanana, har ya kaɗa wutsiya ya wuce.

Na waiwaya da sauri in ga ko motarsa ta tsaya. Ba kowa sai wata kyanwa. Na zauna na yi kuka, Baba, ban jin kunyar faɗa muku.

Don Allah kada Ya'u ya kai zancen bakin kogi, za su ce ɗanku ya zare. Ku kaɗai na faɗa wa, don ba ni da wanda zan faɗa wa a nan. Shayin da na zuba masa ya huce a kan dutse, ni na shanye. Na wanke kofin, zan koma da shi Juma'a.

A gaishe da kowa da kowa.

Naku,
Badaru