A Zo a Kwance Sunan Dije

Zuwa ga Shugaban shirin da ya kawo mana dashen itatuwa a makaranta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, da kuma jajen wannan fari da ya shekara biyu a kanmu, ko da yake na san bai kama mu daidai ba.

Ni malamin aji biyar ne a wata firamare tsakanin Tsamaye da Gangara. Na rubuta maka sau biyu ta hannun hedimasta, ban ji ko tari ba. Shi ya sa na fito fili, kuma za ni faɗi abin da na gani da idona kawai.

Na farko. Ranka ya daɗe, ka zo mana bara bayan an yanke ɗan geron da aka samu, ruwa ya riga ya ɗauke. Motarka cike take da dashen mangwaro da gwaiba cikin baƙar leda. Ka yi wa yara bayani mai daɗi a kan yadda hamada ke matsowa, da yadda yaro ma zai iya tare ta. Ni na fara yi maka tafi, ba zan ɓoye ba. Daga nan aka raba gutsattsarin kwanon rufi, kowanne da sunan ɗalibi da jan fenti, aka ce kowa ya ɗaura a jikin nasa dashen. Ka ce musu, "Wannan itace kai ne, in ya rayu ka rayu." Na san ƙarfin gwiwa kake son ba su. Amma a nan suna abu ne mai nauyi. Uwa ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ma rataya sunan mai rai a jikin abin da ke iya bushewa gobe. Akwai yarinya a ajina, Dije, ita ta amsa tambayarka daidai, sai ka durƙusa ka ɗaura nata da hannunka aka ɗauke ku hoto.

Na biyu. Takardar da ofishinka ya aiko bayan itatuwan sun mutu ta ce sakacin ɗalibai ne. Ga sakacin nan, ka ji shi. Makarantarmu ba ta da rijiya. Rijiyar gari kuwa guga laka yake fitowa da ita kafin hantsi. Yaran nan da kansu suka je wurin Liman, suka roƙi a aje daro a inda ake alwala. Dattawa suka riƙa tsugunawa a kansa, ruwan da zai zube ƙasa ya taru, 'yan mata su ɗauka bayan azahar su raba wa itatuwa da murfin buta. Wata uku ana haka. Ban taɓa ganin darasin da ya shiga gari irin wannan ba, har mutanen da ba su taɓa taka makaranta ba suna tambayar lafiyar mangwaron wane.

Sai rijiya ta ƙara yin ƙasa. Liman ya ce abin da ya rage na sha ne, na mutane da bisashe, a koma taimama. Garin da manyansa ke dafa ƙasa su yi salla, da me yaransa za su shayar da gwaiba? Daron nan yana nan kife a bayan masallaci. Dije ta ci gaba ita kaɗai. A gidansu da moɗa ake auna wa kowa ruwan sha, ta riƙa shan rabi tana kawo rabi a kwalba, ban sani ba sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a aji. Nata dashen ne ya mutu a ƙarshe.

Na uku. An umarci hedimasta ya karanta takardar taku a gaban dukan ɗalibai, ya kuwa karanta, ya fassara musu kalmar sakaci da Hausa. Ina tsaye a gefe ban ce uffan ba. Wannan laifina ne, kuma yana cin raina har yau. Daga ranar nan Dije ba ta sake zuwa makaranta ba. Wasu biyar suka bi bayanta. Waɗanda suka rage, in na ambaci itace a darasi sai kowa ya sunkuyar da kai. Ka zo don su so itace, yanzu kunyarsa suke ji.

Na huɗu. Na je gidansu Dije. Kakanta, Baffa Jauro, mai noma ne kuma mai kiwo, ya ja ni gonarsa ya ce, "Malam, wanga icce da kunka kawo na masu ruwa na. Mi yak kawo shi cikin rairai?" Ya nuna mini tohon gawo da kalgo da sabara a jikin tsofaffin kututture, kore shar a tsakiyar rani, ba wanda ya taɓa ba su ko ɗigo. In yana sassabe ba ya share su. Yakan zaɓi masu ƙarfi guda biyu ya bari, ya rage sauran, ya kare su da ƙaya, kamar yadda dangi ke yi a ƙetaren iyaka wajen Maraɗi. Gawo kuma, in ji shi, akuya ke shuka shi, ta ci 'ya'yan ta kasayar a gona. Na yi shekaru ina koyarwa tafiyar minti goma daga gonar nan, ban taɓa kai ajina ba. Ku ma da kuka zo da mota ba ku tambayi tsoho ko ɗaya ba.

Yanzu na ji ana shirin kawo mana kashi na biyu, iri ɗaya, da sababbin kwanukan suna. Saboda haka ga roƙona.

Kada a kawo. In ya zama dole, a zo da faɗuwar damina, a kawo iccen ƙasarmu, kuma a bar sunayen 'ya'yanmu a littafin kiran suna.

A janye takardar sakaci, a karanta janyewar a filin da aka karanta ta farko.

A ba mu izini mu riƙa kai yara gonakin iyayensu su koyi irin sassaben Baffa Jauro. Wannan ba ya buƙatar leda, ba ya buƙatar ruwa.

Na ƙarshe shi ne mafi girma a wurina. Na cire sauran kwanukan duka, na ce wa Dije za ni cire nata ita ma don ta komo makaranta. Ta dube ni ta ce, "Malam, ba kai kaɗ ɗamre shi ba." Sai na bar shi a ɗaure, don a kunnenta ba ni na ce ita ce itacen ba. Kai ka faɗa, daga bakinka take jiran ta ji cewa ba haka ba ne.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka sunan ɗanka a jikin busasshen kara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da mu ga alwala da ruwa.

Kwanon Dije yana nan inda ka ɗaura shi, daidai tagar ajina. Kullum da safe in na kira sunanta ba a amsa ba, yara can suke juyawa su duba. Ranka ya daɗe, ka zo ka kwance.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Isiyaka, malamin aji biyar.