Igiyar da Ka Yanke a Yammacin Tsibirin Spitsbergen

Zuwa ga Witek, sanyin idona, ɗumin jikina a ƙasar ƙanƙara, tudun da zuciyata ke hangowa duk inda teku ya kai ni,

Ina gaishe ka kaina a sunkuye. Daga jirgin ruwanmu na bincike nake rubuto maka, muna kan hanyar komawa gida Gdańsk, kuma gadonka na nan babu kowa tun da ka sauka a tashar garin Longyearbyen ba sallama. Ka san rana ba ta faɗuwa a nan a wannan watan. Da akwai duhu, da na samu inda zan ɓoye fuskata.

Ka tuna bara, ranar da muka saukar da igiyar awo cikin teku? Kai ke riƙe da injin jan igiya, ni ina ɗaura na'urori ɗaya bayan ɗaya, daga ta kusa da sama har ta can ƙasa, don su shekara suna auna kogin nan na ruwan ɗumi da ke ratsa teku zuwa arewa: faɗinsa, zurfinsa, gishirinsa, da yawan ruwan da yake ɗauke da shi. Da ƙarfen da zai riƙe ta ya nutse, ka miƙo mini shayi ka ce, "Jagoda, yi wa 'ya'yanki bankwana, sai baɗi." Na yi dariya, yatsunmu suka haɗu a jikin kofi, tun daga nan ban sake jin sanyi irin na da ba. Ni ce na roƙe ka mu ɓoye soyayyarmu, wai kada a ce shugabar awo tana son ma'aikacin jirgi. Ka ce to, ba ka taɓa yi mini gori ba.

Sai ga bana, ranar ɗauko na'urorin. Teku ya tashi, igiya ta yi sako-sako a bayan jirgi, ni kuwa idona na kan na'urar farko da ta leƙo daga ruwa, na taka inda ka sha hana ni takawa. Jirgi ya ɗaga, igiya ta naɗe ƙafata, ta ja ni zuwa bakin jirgi. Na ga ruwa, baƙi ƙirin, kusa da fuskata. Sai na ji saran gatarinka a kan igiyar, na ji ƙafata ta saku, aikin shekara guda ya gangara ƙasan teku inda hannu ba ya kaiwa.

Me na yi da na miƙe, ya masoyina? Na rungume ka? Na ce na gode? Kaico! A gaban kyaftin, a gaban ɗalibaina, na kira ka da sunan gidanku kamar ban taɓa sanin ka ba. Na ce, "Wa ya sa ka? Ka san abin da ka zubar? Ina ruwanka da aikin da ba ka gane ba?" Ka dube ni, gatari a hannunka, ka ce, "Ki yi haƙuri, Dokta." Wannan "Dokta" ta fi igiyar ƙuna a jikina.

Mun yi ta jan ƙugiya a wurin, ba mu kamo komai ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi kukan na'urorin nan. Babu wanda zai san yadda kogin ya gudu a shekarar da ta wuce, kuma ɗalibata Kinga ta rasa abin da za ta rubuta digirinta a kai. Amma laifin ƙafata ne, ba na hannunka ba, haka kuma na rubuta a rahoto.

Inna Danuta mai dafa mana abinci ce ta ƙarasa ni. Ta dangwarar mini da kwanon miya ta ce, "Dokta, ƙafar nan da kika tako da ita ki ci miyata, ina kika samo ta?" Na tashi tsaye a gaban kowa na ce musu ina son ka, tun bara nake son ka, kuma tsoro ne ya sa na yi maka wulaƙanci. Ta ce, "Yarinya, har tsuntsayen da ke bin jirgin nan sun san kina son sa. Ci miyarki."

Witek, hasken safiyata, kai da ka fi ruwa bayan guguwa kwanciya, ta yaya bakin da ya sumbace ka ya iya furta waɗancan kalmomi? Ina auna ruwan da ke gudu a ƙarƙashin teku, na kasa auna maganar da ke fita daga bakina.

Kada ka yafe mini a takarda. Da mun isa zan zo garin Jastarnia, gidan mahaifiyarka, in tsaya a ƙofa in roƙe ka da ƙarfi, maƙwabta na ji. A gaban mutane na ci mutuncinka, a gaban mutane zan nemi gafara. In ka buɗe, na gode wa Allah. In ba ka buɗe ba, zan dawo washegari.

Taka, ko ka karɓe ni ko ka ƙi, har ƙarshen numfashina,

Jagoda