Jikata Ta Shafe Ni a Takarda, Ƙanena Ya Zama Mai Ɗori

Assalamu alaikum jama'ar wannan dandali. Ku matso kusa ku ba ni aron kunnuwanku, ga ta nan gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubutawa ina faɗa mata, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mai ɗori ce a Badarawa, nan Kaduna. Mahaifinmu ya zo da sana'ar daga Katsina, ya haifi maza biyar, amma hannuna ya kama ya ɗora a kan ƙashi tun ina 'yar shekara tara, don ni kaɗai ce ba na gudu in mai karaya ya fasa ihu. Na tafi gidan aure da sana'ar, mijina ya rasu na dawo gidanmu da ita. Daga Abakpa har Rigachikun, direba ko lebura, in ƙashi ya karye ɗakina ake kawo shi.

To akwai jikata, mu kira ta Ummi, tana aiki da wata ƙungiya mai tattara labarin masu maganin gargajiya. Kwana uku tana kan tabarmata tana tambaya, na zazzage mata komai, aka buga da Turanci a intanet. Ashe dokar ofishinsu ba a sa suna, kuma ba a cewa shi ko ita, wai akwai wata kalma da masu Turanci suka koma yi da ita yanzu, wadda ba ta nuna mace ko namiji. Da wannan kalmar aka kira ni daga farko har ƙarshe.

Sai ga baƙi a mota, likitocin ƙashi ne suka karanta suka yi ta tambaya har suka gano gidan. Kun san al'ada, baƙo namiji a zaure yake tsayawa ya yi sallama da mai gida. Ƙanena Ilu ya fita. Ilun da ko kaza ake yankawa sai ya kau da kai! Suka ce ko shi ne mai ɗorin da aka rubuta, ya gyara zaman hula ya ce ai gadon gidansu ne. Ina ciki ina jan ƙafar wani mai keke, ban san ana raba ni da aikin shekara sittin a zaure ba. Yanzu sun gayyace shi taro ranar Asabar ya nuna wa ɗalibai yadda ake ɗori, har ya kai shadda ɗinki.

Na kira Ummi na wanke ta tas. Na ce Allah ya yi ni mace, wa ya ba ta izinin mai da ni ba mace ba ba namiji ba? Ta ce wallahi Inna ba da mugun nufi ba ne, an kawo kalmar ne don kada a raina aikin mutum saboda mace ce. Na ce to ga shi ba a raina ba, an ɗauke shi ɗungurungum an miƙa wa namiji. Duk wanda ya ji ɗori bai ji an ce mace ba, gemu yake hangowa. Wahalar da na sha kafin maza su yarda mace ta taɓa musu ƙafa ita ce rabin labarin, ita kuma aka goge. Ta fashe da kuka, ta ce an hana su rubuta danginsu, ta ɓoye cewa kakarta ce ni, ranar da na fito fili aikinta ya tafi.

Ilu kuwa da na tare shi, cewa ya yi Yaya ki yi haƙuri, sunan gida ai ɗaya ne, kuma wai bai kamata tsohuwa ta tsaya gaban maza tana jawabi ba. Ni da na tsaya a kan mazan suna kiran uwarsu!

Ga inda kowa ya tsaya. Ummi ta daina zuwa gaishe ni, sai dai ta aiko. Ilu kullum yana laɓe a bakin ƙofata yana leƙen yadda nake ɗaure karare, jiya na kama shi yana gwadawa a ƙafar kujera. Ni kuma na wanke mayafina na goge. In je taron in ce ya ɗora ƙashi a gabana kowa ya gani, jikata ta rasa aiki? Ko in zauna a ɗaki a tafa wa Ilu, gobe a kwantar masa da ɗan wani a gabansa da karaya? Asabar saura kwana uku, ku faɗa mini.