Na Hana Shi Sayen Kwamfuta Don Kada Ya Daina Zuwa Gidana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai kula da wannan shafi, sannu da ƙoƙari, ya aiki, ya iyali? Masu karatu, ina gaishe ku manya da yara. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin wani ya ɗauki waya ya fara yi mini wankin babban bargo, ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin ma na riga ku, babu irin wanda ban yi wa kaina ba. Shawara na zo nema.

Ni dattijo ne a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Durɓi. Na yi aikin gwamnati a sashen kwamfuta tun zamanin da in an kawo ta ofis sai an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya, har na yi ritaya. Mai ɗakina Allah ya yi mata rasuwa. 'Ya'yana biyu ne, mata, kowace tana gidan mijinta a wani gari. Suna kira, ba zan yi musu sharri ba, amma waya ba ta zama a tabarma ta sa hannu a kwano tare da kai. Kuma in faɗi gaskiya, ni mutum ne mai kaifin baki. Lokacin da nake aiki ba na ɗaukar shirme, in ka yi wauta a gaban kowa zan gaya maka. To da na bar kujera sai na tarar ashe kujerar ake gaisarwa. Na gwada zaman majalisar unguwa, na yi musu gyara a magana sau biyu sau uku, suka koma yin shiru in na iso, ni ma na kama kaina. Akwai ranakun da in ka cire gaisuwar ƙofar masallaci, ba na haɗa magana da ɗan Adam tun safe har in kwanta. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ba zai gane ba, kuma ba na yi masa fatan ya gane.

Ana haka, wata rana bayan La'asar, wani bawan Allah ya yi sallama a ƙofar gidana. Zan kira shi Nura, ba sunansa ba ne. Magidanci ne mai mata da yara, a Ƙofar Marusa yake zaune, sana'arsa zanen gine-gine. Zai zana maka gida a kwamfuta, ya fitar da hotonsa kamar an riga an gina, har da fenti da inuwar bishiya. Matsalarsa laftof ɗinsa ta tsufa. Hoto ɗaya sai ta wuni tana nishi a kansa, wani lokaci ta ɗauki zafi ta mutu ana dab da gamawa. Ya daɗe yana tari, har adashe ya shiga, yana son babbar kwamfuta irin ta aiki mai nauyi. Wani tsohon abokin aikina ne ya turo shi wurina. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wayarsa, ga hotunan kwamfutoci uku da wani dila a Kano ya turo masa, kowace da farashinta. Ya ce, "Malam, ni zane na sani, cikin injin nan ban san komai ba. Duk wadda ka nuna ita zan saya."

Ga wanda bai sani ba, akwai gwajin ƙarfi da ake yi wa kwamfutoci. A ɗora musu aiki iri ɗaya, a ba kowace maki gwargwadon saurin da ta gama. Makin suna nan a intanet, sai ka ɗauko ka auna da farashi, ka ga wadda ta ci kuɗinta da wadda suna kawai ake sayar maka. Amma gwajin iri-iri ne, akwai na wasannin gem, akwai na aiki mai nauyi irin na Nura. Babur ya fi tifa zafin nama, amma ba shi ake aikawa ɗauko yashi ba. Wallahi kafin shayin da na dafa mana ya huce na san amsa. Ta tsakiyar ce. 'Yar Beljiyam ce, an mora amma da sauranta, makinta a gwajin fitar da hoto ya kusa kamo na mai tsadar, ba ta zuƙar wuta, kuma kuɗinsa sun isa har da rarar da zai ƙara batirin sola. Magana ce ta minti biyar. Na buɗe baki zan ce masa ya je ya biya gobe da safe.

To me ya hana ni? Mutumin nan yana zaune a tabarmata ya harɗe ƙafa, yana tambayata yadda kwamfutocin da suke, ina ba shi labari yana ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Rabon da a yi dariya a zauren nan tun matata tana da rai. Aka kira Magariba muka tafi masallaci tare, mutanen unguwa suna kallo, yau wane ya yi baƙo. Da muka fito sai kawai na ji bakina yana cewa, "Irin wannan ba a yi masa gaggawa, sauri ya haifi nawa. Ka dawo ranar Laraba, bari in bincika sosai."

Laraba ta yi ya dawo, har da ƙosai mai zafi a leda. Na ce a raina yau zan gaya masa. Maimakon haka sai na buɗo masa makin gwajin gem, wanda bai shafi aikinsa ba ko kaɗan, inda ta tsakiyar take can ƙasa. Na ce, "Ka gani? Araha ba ta ado." Ya riƙe baki ya ce, "Kai! Allah ya so ni da na zo wurinka." Muka koma kan mai tsadar, na ce wannan kuma wutar da za ta ci sai ya sayar da gida ya sayi sola. Ƙaramar na ce kuɗinsa zai zubar a rijiya. Ya sa dila ya turo wasu, su ma na bi su ɗaya bayan ɗaya na nemo wa kowace aibu. Da aibu ya ƙare sai na ce sabon samfuri yana hanya, in ya fito tsofaffin za su karye, ya ƙara haƙuri. Ban taɓa ƙirƙirar maki na ƙarya ba, da wannan na riƙa lallashin kaina. Kowace magana da na faɗa da ƙamshin gaskiya a jikinta. Ni dai ina zaɓar wadda zan nuna masa da wadda zan danne. Shin wannan ba shi ne ƙarya mafi muni ba?

Zuwansa ya zama al'ada, Laraba da Asabar bayan La'asar. Tun safe nake share zaure, in sayo madara, in yi ta leƙa ƙofa kamar yaron da aka yi wa alkawarin tsaraba. Don zaman ya ƙara tsawo sai na fara koya masa karanta makin da kansa, wane gwaji ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, wane ne na katin da ke sarrafa hoto, yadda ake raba maki da farashi a ga riba. Yana da kai, nan da nan ya kama, sai dai bai taɓa komawa ya duba waccan ta tsakiyar ba, tunda Malam ya riga ya yanke mata hukunci. Matarsa ta fara aiko mini da dambu da kunun gyaɗa, wai a kai wa Malam da yake ɗawainiya da maigidanta. Ina karɓa, kuma ina cinyewa.

Wata rana ya kira ni da rana tsaka. "Malam, dilan nan ya ce wani ya taya ta tsakiyar nan. In ina so in tura kuɗi yau. Mi ka gani?" Jama'a, Allah ya ba ni ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce, tura. Na ce, "Haba Nura, yau ka fara jin bakin dillalai? Duk haka suke cewa." Aka sayar da ita a ranar. Bayan nan kowa ya san abin da ya faru da kasuwa, dala ta tashi, kayan waje suka bi ta, farashin da na ce zai karye ya yi sama ya bar mu muna kallo. Kuɗin Nura suna nan yadda suke, amma abin da za su iya saya kullum raguwa yake. Daga baya ma cefane da kuɗin makaranta suka fara gutsurar tarin.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne maganar wani ɗan kwangila da yake gina rukunin gidaje. Ya ga zanen Nura ya yaba, ya ba shi gwaji, ya ce in ya kawo hotuna a kan lokaci aikin duka nasa ne. Laftof ta mutu masa a tsakiyar aiki, aka gyara, ta sake mutuwa. Aka ba wani. Ranar ya zo ya zauna bai taɓa shayinsa ba, can ya ce, "Ba rabona ba ne, Malam." Ni kuma, tsohon banza, na gyaɗa kai na ce, "Haka ne, komai da lokacinsa." Na san da waccan kwamfutar tana kan teburinsa da ya gama aikin har da hutawa. Wane irin mutum ne zai dubi idon wanda ya cuta ya yi masa wa'azin ƙaddara? Na yi istigfari, na rantse zuwa na gaba zan fasa ƙwai. Ya zo, na kasa.

Larabar da ta wuce ya shigo da fara'a, irin ta wanda ya sauke kaya. Ya ce, "Malam, na yanke shawara. Duk karatun nan da ka yi mini ya nuna mini abu ɗaya, sana'ar nan ta fi ƙarfin aljihuna. Duk wadda kuɗina za su saya ba za ta yi aikin ba, wadda za ta yi kuma ba zan kamo ta ba. Zan ajiye zane. Ƙanin matata ya samo mini Keke Napep na hannu, ranar Asabar zan biya."

Na ce, "Zanen fa? Shekarun da ka yi kana koyo?"

Ya ce, "Yara ba za su ci zane ba. Ni dai godiya zan yi maka. Ba don kai ba da na zuba kuɗin nan a abin da ba zai amfane ni ba."

Godiya! Da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi.

Bayan ya tafi na bincika, na kira mutanen da na sani a harkar. Akwai wata kwamfuta a hannun wani dila, kuɗin Nura za su kai da ƙyar. Ba ta kai waccan ta tsakiyar ba, amma wallahi za ta yi masa aiki, za ta fitar da hotunan da zai ci abinci da su, ya riƙe sana'arsa. To ga inda gizo yake saƙa. In na ce ya saya, sai ya duba makinta, don ni na koya masa kada ya yarda da bakin kowa sai ya ga maki. In ya duba zai kwatanta, in ya kwatanta zai ce, "Malam, wannan ai ba ta kama ƙafar waccan da ka hana ni ba. Ta yaya wannan za ta yi, waccan ba za ta yi ba?" Me zan ce masa? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ni da hannuna na ba shi fitilar da zai haska. Babu yadda zan ceci sana'arsa ba tare da ya gane cewa tun ranar farko na san amsa ba. Na yi tunanin in cika masa kuɗi ya sayi babba in rufe bakin maganar, fanshona ba zai kai ko'ina ba. Na yi tunanin in aika wani ya ba shi shawarar, ba zai saya ba sai ya kawo mini na duba.

In na faɗa masa gaskiya na san Nura, ba zai zage ni ba, yana da tarbiyya. Zai ce Allah ya yafe mana, ya sa takalmansa, kuma ba zai sake taka ƙofar nan ba. Ya gaya wa matarsa, ta tuna kwanonin da ta aiko. In na yi shiru kuwa, mutum mai baiwa a hannu zai koma jigilar fasinja a rana saboda wani tsoho ya ji tsoron zaman kaɗaici.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na rubuto muku maimakon in ci gaba da jayayya da kaina. Da zai tafi ranar Laraba, ya tsaya a bakin zaure ya juyo ya ce, "Kuma ka ga, Malam, in na sami keken ai ka huta. Ni zan riƙa kai ka masallacin Juma'a, in kai ka kasuwa. Hanyata ce, kullum sai na leƙo ka, ba sai Laraba da Asabar ba."

Jama'a, na san abin da ya kamata in ji a lokacin. Amma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Daɗi ne ya fara zuwa, kunyar daga baya ta biyo. Tun ranar nake tsoron kaina, don na gane in aka bar ni ni kaɗai da wannan shawara, shiru zan yi.

Jibi Asabar. Ya ce zai biyo ta nan in sa masa albarka kafin ya je ya biya kuɗin.

Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?