Zauren Baba da Akwati Mai Alamar Tulu

Kaduna, 3 ga Nuwamba, 1959

Zuwa ga Yayana Malam Isiyaku, Soron Ɗinki.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata iyali da marina suna lafiya. Bayan haka, Yaya, jama'a sun matsa mini in sake tsayawa zaɓe. Ina roƙon ka buɗe mini zauren marigayi Baba in mai da shi ofis, ka kuma tara mini dattawan unguwa. Wassalam.

Ƙanenka, Salihu, tsohon Ɗan Majalisa.

Soron Ɗinki, 10 ga Nuwamba

Salihu,

Muna lafiya, iyali na amsawa. Wace jama'a ce ta matsa maka? Faɗi sunan mutum uku in je in duba lafiyarsu.

Tunda ka manta, bari in tuna maka. Zaɓen farko layi aka yi a bayan 'yan takara, rana tsaka, Baba, limamin unguwa, na zaune kan buzunsa yana kallo. Wa zai tsallake ɗan liman a gaban liman? Kunya ce ta kai ka Kaduna. Shekara biyar kana majalisa, an ce sau ɗaya ka buɗe baki, shi ma cewa ka yi a rufe taga. Kwatar da ka rantse za ka gyara har gobe tana shiga gidan Asibi mai koko. A zaɓe na biyu da aka kawo akwati a bayan labule, naka mai alamar tulu ƙuri'a tara ya samu, alhali maza masu biyan haraji a gidanmu kaɗai sha huɗu ne. Wallahi sati na yi ban je marina ba don kunya.

Zaure kuwa karatu ake yi a ciki. Ka huta lafiya.

Isiyaku.

Kaduna, 17 ga Nuwamba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Maganarka ta yi mini ciwo. Maƙiya ne suka ruɗi talakawa, Audu baduku kuma da ya kayar da ni ko sunansa bai iya rubutawa ba. Kai ma na san hassada ce. Amma cikin ƙuri'u taran nan, ɗaya ta Baba ce, da ita nake kwana nake tashi. Da yana raye da kansa zai miƙo mini mabuɗi. Don darajarsa ka sake tunani.

Salihu.

Soron Ɗinki, 24 ga Nuwamba

Salihu,

Na gaishe ka. Shekara uku ina rufa maka wannan, kai ka tono.

Ka san idon Baba ya riga ya tafi a lokacin. Ni aka yarje wa in riƙe hannunsa zuwa bayan labule. Na ɗora tafinsa kan akwatinka, ya tambaye ni na wane ne, na ce na Salihu. Ya janye hannu, ya ce, "Kai ni wurin na badukun."

Zaure ba zai buɗu ba. Allah ya jiƙan Baba.

Isiyaku.